Mai Leƙen Ɗakin Mama

Masu karatu, ku sauke hannu daga ka, da raina. Kwana tara na yi ban leƙo ba, na dawo na tarar saura kaɗan a yi min sadakar uku a wurin sharhi. Wata ta ce an raba ni da Mikail. Wata ta ce daman ta faɗa, malamin makaranta ba ya iya riƙe mace. Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, yana nan riƙe. Abin da ya faru shi ne saura ƙiris in jefa shi rami da hannuna, kuma gara in faɗa muku laifina da bakina kafin wani ya riga ni.

Ga sababbin zuwa, sunana Ammatullahi, a gida Amma. A Umarari muke. Babana Alhaji Ajimi yana da shago a Hausari da gonar shinkafa a Zabarmari, kowace Talata yana can. Mamana, wadda unguwa ke kira Ya Gumsu, turaren wuta take haɗawa. Sai yayana Sa'id, mutum mai kirki in ya ƙoshi, mai saurin hawa in bai ƙoshi ba. Mikail kuwa malamin lissafi ne a sakandare. Mutanen Bama ne, da ƙafa suka shigo Maiduguri shekara huɗu da suka wuce, shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Wata biyu ke nan da suka kawo kayan gaisuwata, akwati biyu masu ruwan toka, Baba ya karɓa da fara'a.

Sai kwamfuta, uwar tafiyar. Laftof ce da Yaya Sa'id ya yi karatu da ita ya gama, ta zama ta gida. Tun shekarar da bam ya tashi kusa da mu har gilashin tagarmu ya tsage, Mama ta ce karatun Alƙur'ani ba zai ƙara yankewa a ɗakinta ba. Da gari ya waye za a buɗe kwamfutar a ɗora kan durowa, a saki Baƙara, ɗan solarmu yana ba ta wuta, modem a maƙale saboda tafsiri. Haka za ta wuni a buɗe tana fuskantar ɗaki. Mama tana goge ta da gefen lafaya, tana zagaya ta da kaskon turare, har madannanta ƙamshin kajiji suke. Ni kuma tun da gilashin babbar wayata ya fashe na koma 'yar ƙarama mai tocila, sai ya zama da kwamfutar nake hira da Mikail bayan Azahar, in Mama ta shiga haɗin turare. Karatu yana tashi, ni ina rubuta "ka ci abinci?" Allah dai ya yafe mana.

Ranar Lahadi da hantsi saƙo ya shigo wayar Baba daga baƙuwar lamba. Muna tsakar gida ya karanta, na ga ya sake karantawa.

"Alhaji Ajimi na Umarari. Mun san Talata kake zuwa Zabarmari. In kana son ka dawo, ka turo katin waya ta wannan lambar."

Wanda bai zauna garin nan ba zai ce zancen banza ne. Mu kuwa mun ga mutanen da aka yi wa saƙo irin wannan suka yi dariya, aka yi musu salla bayan kwana biyu. Duk da haka Baba ya daure. Ya ce duk Hausari an san ranar gonarsa, wani ɗan zaman kashe wando ne yake neman na kira.

Litinin wani ya shigo.

"Akwati biyu masu ruwan toka suna bayan ƙofar ɗakin matarka, an rufe su da koriyar darduma. Muna ganin komai."

Mama ta saki ludayi. Yaya Sa'id ya miƙe tsaye.

"Baba, wa ya san launin akwatin nan in ba waɗanda suka kawo shi ba?"

"Sa'id, ka iya bakinka."

"Ni dai na faɗa tun farko. Mutum ya fito daga garin da yaran nan suka riƙe, mu ba mu san wa ya bari a can ba, ba mu san da wa yake waya ba."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah! Mahaifinsa fa su suka kashe."

"Shi ya faɗa miki. Kina wurin?"

Baba ya daka mana tsawa muka yi shiru. Amma ranar Talata bai je gona ba, abin da ban taɓa gani ba ko da zazzaɓi yake. Bayan La'asar na uku ya zo, shi ne ya karya mu.

"Ka ci gaba da bar wa matarka makullin shago kafin ka tafi gona. Wata rana za ta buƙace shi."

Wannan sirrin gida ne. Baba yana cika baki a waje cewa hanyar Zabarmari ba ta ba shi tsoro, amma duk Talata kafin ya fita sai ya zare makullin shago ya sa wa Mama a ƙarƙashin matashi, ba ya cewa komai. Ko Yaya Sa'id bai sani ba. Ni na gani da idona, abin ya tsaya min a rai, na rasa wanda zan faɗa wa.

Baba ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Amma. Wa kika faɗa wa maganar makulli?"

Na ce, "Mikail."

Ni na kira sunansa. Ba Yaya Sa'id ba, ba maƙiyi ba, ni.

Nan take Baba ya miƙo hannu na ba shi 'yar wayata. Ya ce Juma'a bayan masallaci za a mayar da akwati, daga nan shi da kansa zai kai sunan Mikail wurin 'yan gora, matasan sa-kai masu tsaron unguwa, su bincika. Kun san abin da wannan yake nufi a shekarun nan. In an ce ana zargin mutum da kai rahoto daji, ko an wanke shi daga baya, wani sai bayan shekara ake ganinsa, wani ba a sake gani. Ba aurena kaɗai ke kan siraɗi ba, har da ransa.

Ga inda zan kunyata kaina. Baba ya karɓe waya, amma bai san da kwamfuta muke hira ba. Hanya a buɗe take, in na ga dama in rubuta wa Mikail in ce ya yi hankali. Ban rubuta ba. Na leƙa na ga saƙonsa a jere: "Amma, lafiya?" "Wayarki a kashe." "Na yi laifi ne?" Na rufe ban amsa ba. Zuciyata tana cewa ba zai aikata ba, wata zuciyar tana cewa to wa ya faɗa? Na zauna ina tuno duk tambayar da ya taɓa yi min a kan Baba, har "ya jikin Baba?" ta koma min abin tsoro. Kwana biyu na yi a haka, daga Talata har Alhamis, ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake jin haushinsa.

Laraba da safe Mama ta aike ni kai wa Anti Ketura turarenta, ina jin don ta gaji da ganin fuskata ne. Anti Ketura maƙwabciyarmu ce tun kafin a haife ni, mutuniyar Askira, ita ke aikin ofis a cocinsu, kuma tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Lokacin da aka ƙona cocin, a ɗakin Mama ta yi sati biyu ita da 'ya'yanta. Mace ce mai tabarau a kan hanci da tambaya kamar alƙali. Ta tare ni da gaisuwar Kanuri.

"Wushe, amarya. Kai! Wannan ido fa? Wa ya rasu?"

Na ajiye kwalbar turare na fashe da kuka. Ta bar ni na gama, ta zuba min kunun gyaɗa, ta ce in faɗa mata saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, kar in tsallake kalma. Da na zo na biyu ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Koriyar darduma. Da ita aka kawo akwatin?"

"A'a, Mama ce ta rufa satin da ya wuce, saboda ƙura."

"Mikail ya shiga ɗakin Ya Gumsu a satin nan?"

"Haba Anti! Suruki? Ko tsakar gida bai taɓa takawa ba, a zaure yake tsayawa."

"Ƙannensa fa?"

"Rabonsu da gidan tun ranar da suka kawo kaya."

"To. In mutum yana son ganin bayan ƙofar ɗakin, a ina zai tsaya?"

Na rufe ido na zana ɗakin. "Wajen durowa."

"Mene ne a kan durowa?"

Ta gyara tabarau.

"A saman gilashin kwamfutar akwai ɗan ƙaramin ido. Kusa da shi akwai 'yar fitila. Tana kamawa?"

"Wata 'yar fara? E, tana kamawa tana ɗaukewa. Ai ta caji ce."

"Ta caji tana gefe, 'yata. Wannan ta kyamara ce. In ta kama, ana kallo."

Wallahi sai da na ajiye kofin don kar ya suɓuce. Na tuna sau nawa na zauna gabanta ba ɗankwali. Na tuna Mama tana canza zane a ɗakin nan.

"Da ita kike rubuta wa Mikail?"

"E."

"To duk harafin da kika danna, akwai mai karantawa kafin ya isa wurinsa. Manhajar leƙen asiri ake ce mata. Ba ta fasa ƙofa ta shigo, buɗe mata ake yi. Me aka sauke a kwamfutar nan kwanan nan?"

Na ce, "Tafsiri ne kawai."

Ta dube ni ta saman tabarau. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na sunkuyar da kai na zazzage mata komai.

Sati uku kafin nan na ga talla a wani guruf na masu neman aiki: wata ƙungiyar agaji tana ɗaukar 'yan mata masu jin Kanuri da Turanci, aikin tafinta a sansanin 'yan gudun hijira. Wace ce ba ta son irin aikin nan a Maiduguri? Ni da na gama difloma ina zaune ina dakan kajiji. Na san Baba ba zai bari ba, ya sha cewa 'yarsa ba za ta hau farar mota ta shiga daji ba. Sai na ce bari in samu tukuna, in ya so a roƙe shi. Na cike sunana, adireshin gida, sunan uba da lambarsa a gurbin wanda za a kira in wani abu ya faru. Daga ƙarshe aka ce in sauke takardar gayyata. Ina dannawa antibairos ya fito da jan rubutu yana gargaɗi. Amma a ƙasan tallar an rubuta cewa in haka ta faru a kashe shi na minti biyar, wai takardar daga ƙasar waje take shi ya sa bai gane ta ba. Na kashe. Takardar ta yi ƙyaf ta ɓace, ba ta buɗe ba. Na ce ƙila netwok ne, na tashi na tafi wanke-wanke. Ban sake kunna shi ba.

Anti Ketura ta dafe goshi. "Mai gadi ya ce miki ga ɓarawo, ɓarawon ya ce ki kori mai gadi, kika kore shi."

"Anti, yaran daji ne?"

"Ba zan rantse ba, amma ban yi zato ba. Wannan ya fi kama da ɓarawon zaune, ya ari sunansu don ya san muna tsoro. Ƙila yana unguwar gaba, ƙila yana Legas, ƙila gida ɗari ya aika wa irin wannan."

Na miƙe. "Bari in je in faɗa wa Baba."

"Zauna. Ki ce masa me? Kwamfutar da ke karanta masa Baƙara ita ce mai kai rahoto? Cewa zai yi so ya rufe miki ido kina nema wa saurayinki mafita. Alhaji manomi ne, sai ya ga tsiro yake yarda an yi shuka."

Ta yago takarda ta ba ni biro. Ta ce in ƙirƙiro ƙarya a kan Baba, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, wadda shi kansa yana ji zai san ƙarya ce. Na yi ɗan tunani na rubuta: "Baba ya fasa Zabarmari. Ya sayi gonar albasa a hanyar Konduga, Asabar zai je dubawa." Ta sa ranar da lokaci a ƙasa, ta ninke. Muka tsallaka gida tare, ta ja Mama gefe ta ce, "Ya Gumsu, amana ce, ki ƙulle a bakin lafaya, kar ki buɗe sai na ce." Mama ba ta tambaya ba, ta ƙulle.

Daga nan na yafa mayafi har goshi, na zauna gaban kwamfutar. 'Yar farar fitilar tana kunne. Na buɗe akwatin saƙon Anti Ketura, na rubuta maganar albasa kamar ina ba ta labari, na tura. Sannan na ɗan juya fuskar kwamfutar wajen bango, na ce wa Mama hasken taga ne ke kashe gilashin. Anti ta ce kar a cire modem tukuna, a bar ɓera ya ci daddawarsa.

Ranar ban ci abincin kirki ba. In bai turo ba fa? In ya turo wata magana daban? Jibi Juma'a.

Alhamis wajen ƙarfe goma, Baba yana shan shayi a tsakar gida, waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya karanta, ya nisanta ta da idonsa ya sake karantawa.

"Albasa?"

Mama ta ce, "Lafiya, Alhaji?"

"Wai in ban turo kati ba, suna jirana Asabar a gonar albasata ta hanyar Konduga. Ni? Ni da ko a miya sai an tsame min ita?"

Masu karatu, ban san lokacin da na zube ƙasa na yi sujada ba. Ina kuka ina dariya, Mama ta zaci aljanu ne. Na ruga ba takalmi na kira Anti Ketura. Ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce Mama ta kwance ƙullin nan ta ba shi. Baba ya warware takardar. Ya dubi takarda, ya dubi waya, ya dubi takarda.

"Rubutun Amma ne."

"Jiya ta rubuta a gabana, Alhaji. Daga takardar nan sai kwamfutar ɗakin Ya Gumsu, ba inda maganar ta je. Mikail bai ji ta ba, rabonsa da Amma tun Talata."

Ta yi masa bayani dalla-dalla, na kyamara, na rubutu, na darduma. Baba yana saurare, shayinsa ya huce. Da ta gama ya yi tambayar da nake gudu.

"To wa ya buɗe masa?"

Anti Ketura ba ta dube ni ba, ba ta kuma rufa min ba. Na matso na durƙusa gabansa na faɗi komai: tallar, lambarsa da na bayar da hannuna, jan gargaɗin da na kashe. Ina jira ya ɗaga hannu ko ya ce in ɓace masa da gani.

"Aiki kike nema?"

"E, Baba."

"A ɓoye."

"Ka yafe min."

Ya yi dogon numfashi. "Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Maganarki tana nan, za mu yi ta. Yanzu yaron mutane na zalunta a zuciyata. Allah ya so ban kai sunansa ba."

Sai muka ji Yaya Sa'id ya yi gyaran murya daga bakin zaure. Fuskarsa ta canza.

"Baba... ni na kai. Yau da safe na faɗa wa Ba'ana, abokina na cikin 'yan gora. Na ga Juma'a ta yi nisa."

Ban taɓa ganin Baba ya tashi da sauri haka ba. Bai tsaya neman hula ba, Mama ce ta bi shi da ita har ƙofa. Ya fizgi takardar da wayar, ya ce wa Yaya Sa'id, "Wuce gaba!" Muka ji yana ƙwala wa mai keke kira tun daga bakin layi.

Na so in bi su, Anti Ketura ta riƙe min hannu. "Can ba wurinki ba ne. Aikinki yana ɗaki. In kika zauna haka zuciyarki za ta buga."

Farko ta zare modem. Ta ce Mama ta kawo filasta, ta yanki kaɗan ta manne idon kyamarar. Mama tana tsaye tana tafa hannu tana salati, tana cewa ashe sati uku tana yi wa shaiɗan turare. Muka kwashe hotunan iyali da takardun Yaya Sa'id kaɗai zuwa wani fulash na Anti, ta ce sai ta tace su a tata kwamfutar kafin su dawo. Sauran duka aka share, aka yi wa kwamfutar wanka tun daga tushe. Ta sa sabon antibairos, ta bar shi ya sabunta kansa, ta nuna min inda ake dubawa a ga yana raye.

"Duk takardar da ta ce ki kashe shi kafin ta buɗe, ita ce ɓarawon. Ko daga ina aka ce ta zo. Kin ji?"

"Na ji, Anti."

"Maimaita."

Na maimaita kamar 'yar aji ɗaya. Da wayarta ta sa na canza duk kalmomin sirrina, ba da kwamfutar ba. Da ta ji tsohuwar kalmar, sunana da shekarar haihuwata, sai da ta cire tabarau ta goge. Ta haɗa min da lambar da za a riƙa turowa waya duk lokacin da wani ya gwada shiga. Ta raba kwamfutar gida biyu: ɓangaren kowa da kowa, wanda ba a iya girka komai a cikinsa, da ɓangare mai makulli. Ta ce fulash ɗin masu tura waƙa a kasuwa kar ya sake shiga sai an tace shi, modem kuma in ba aiki ake ba a zare. Ta ce ƙungiyar kirki ba ta ɗaukar ma'aikata a guruf ɗin da ba a san mai shi ba, in na ga talla in kawo mata mu duba tare.

Mama ta ce, "To karatuna fa?"

"Ki sayi 'yar rediyo mai memori, Ya Gumsu. Ba ta da ido, ba ta da kunne, baki kawai gare ta."

Duk wannan aikin rabin hankalina yana bakin ƙofa. Aka kira Azahar, shiru. Na yi salla ban san me na karanta ba. Wajen ƙarfe uku muka ji sallamar Baba. Ya shigo rigarsa jiƙe da gumi, Yaya Sa'id a bayansa kai a ƙasa. Ya zauna, ya sha ruwa kofi biyu, mu duka muna tsaye.

"Mikail yana gida," ya ce.

Na zauna daɓas a kan turmi.

Ashe har 'yan gora sun je makaranta sun fito da shi daga aji, a gaban ɗalibansa. Baba ya same shi zaune kan benci a ƙarƙashin dalbejiya, alli bai goge daga hannunsa ba, an karɓe wayarsa, ana jiran motar da za ta wuce da shi gaba. Baba ya ajiye musu takarda da saƙo, ya ba su baƙuwar lambar su kai inda ya dace. Shugabansu ya ce, "Alhaji, ka tsaya masa?" Baba ya ce, "Ɗana ne. In za ku tafi da shi ku haɗa da ni." Sannan a gaban matasan nan duka, dattijo da furfurarsa, ya juya ya ce wa Mikail, "Na yi maka mummunan zato. Ka yafe min." Yaya Sa'id ne ya ba mu wannan ɓangaren, yana faɗa yana share ido da hannun riga.

Baba ya zura hannu aljihu ya fito da 'yar wayata ya ajiye kan tabarma. "Akwati ba inda za shi. Ki kira shi. Ni na biya nawa, saura naki."

Na shiga ɗaki na kunna. Ban iya kira ba, kunya ta hana ni. Na rubuta, "Assalamu alaikum. Ni ce." Kafin in ajiye amsa ta shigo.

"Wa alaikumussalam. Baba ya faɗa min komai, har da albasa."

"Ka yafe min. Ni na jawo maka."

"Fom ba komai ba ne, malamai biyu a makarantarmu ma sun cike shi. Tambaya ɗaya gare ni, Amma. Ina kan bencin nan ita kaɗai nake juyawa. Da aka ce ni ne, kin yarda?"

Na rubuta "A'a, wallahi." Na tsaya ina kallon rantsuwar. Ƙarya ɗaya ce ta kai shi kan benci, ga ni ina shirin ɗora masa ta biyu. Na goge. Na rubuta, "E. Kwana biyu." Na rufe ido na tura.

Wayar ta yi shiru. Na ji Mama tana kwasar tuwo, na ji mai ruwa ya wuce da kurarsa, na ƙirga numfashina har na ɓata lissafi. Na ce shi ke nan, Baba ya ceto shi daga 'yan gora, ni na kore shi da gaskiyata. Sai ta yi ƙara.

"Da kin ce a'a, da na san ƙarya ne, da kuma na ji tsoron aurenki. Kwana biyu zan iya ɗauka. Ki ce wa Mama ina tafe bayan La'asar, tun safe ban ci komai ba."